Sarauniyar Lugu da Mutanen Ƙonni: Yadda Ƙagaggen Labari ke Sauya Matsayin Mutanen Tarihi

Tun farkon shekarun 1960 da aka soma aikin yaƙi da jahilci a Nijar, masu shirya littattafan karatun manya suna fama da tambaya guda: mutumin da ya gama koyon baƙaƙe da wasula, me za a ba shi ya karanta don kada karatun ya zube? Littattafan noma da kiwon lafiya suna da nasu amfani, amma labarin mutanen dā shi ne abin da dattijo yake karantawa ba tare da an roƙe shi ba. Matsalar ta ƙara girma tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, domin za a bukaci littattafan tarihi masu yawa cikin ɗan lokaci. Wanda aka ɗora wa aikin rubuta su kuwa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi zai ɗauka, kuma sau da yawa abin nan ƙagaggen labari ne da ya karanta a kwaleji. Wannan maƙala ta ɗauki misali ɗaya, wato Sarauniya Mangu ta Lugu, ta dube shi daga ɓangaren mai karatu na Dogarawa da sauran ƙasar Ƙonni, inda rundunar da ta yaƙi Lugu ta bi bayan makonni kaɗan.

Abin da ya auku a 1899

A watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, ta tashi daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Turawan cikinta ba su kai goma sha biyu ba. Sauran sojoji ne ƴan Afirka, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da bayi da suka yi ta ƙaruwa a hanya. Runduna irin wannan ba ta ɗauke da guzurin da zai ishe ta, saboda haka duk garin da ta sauka sai ta cinye shi, wanda ya yi gardama kuma a ƙone shi. Ranar 16 ga Afrilu ta isa Lugu, cikin ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogondutsi. Maharban Lugu da na Tugana suka tare ta da baka da kibiya, suka ja da baya cikin kurmi. Bisa lissafin Faransawan da kansu, sun rasa mutum 4, an raunata 6, sun kuma harba harsashi wajen 7,000. Aka ƙone garin, mutanensa suka watse, daga baya suka komo.

A watan Mayu rundunar ta faɗa wa Birnin Ƙonni. Bisa yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898, Ƙonni tana cikin da'irar mil 100 da aka zana kewaye da Sakkwato, wato rabon Ingila. Sai da aka gyara iyaka a 1904 da 1906 ta dawo hannun Faransa. Voulet ya ƙetare wannan iyaka domin ta nan rijiyoyi da rumbuna suke. Kisan da aka yi a Ƙonni ya fi na Lugu nesa ba kusa ba, kuma yana cikin mafi muni a tarihin mulkin mallakar Faransa a Afirka ta Yamma. Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe rundunar bayan wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau ta fallasa abin da ake yi, ya bi sawunta ta garuruwan da aka ƙone har Dankori, kusa da Tasawa. Can Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin suka yi tawaye suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata, wani sashenta kuma ya kai Kusiri inda aka kashe Rabe a watan Afrilu na 1900.

A cikin wannan dogon labari, rabon Sarauniya a takardun Faransawa layuka ne ƙalilan. Joalland, ɗaya daga hafsoshin rundunar, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin tsohuwa mai tsafi da ta aiko musu da saƙon cin fuska. Iyakarta ke nan.

Abin da Lugu ta riƙe ya sha bamban. A can, sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya, wanda ake dangantawa da wata mace da aka ce ta fito daga Daura. Mai riƙe da shi tana zaune a ɗakinta, ba ta yawan fita, tana kaɗi, tana kula da tsafin ƙasa da roƙon ruwa. Idan ta rasu, ana ɗaukar gawarta a zagaya da ita har ta nuna magajiyarta, al'adar da ake kira tarkama. Shari'a kuwa akan kai ta gaban dutsen Tunguma. Mangu ɗaya ce daga jerin matan da suka riƙe wannan muƙami kafin ta da bayanta, kuma ƙarfin da ake ba da labarinta da shi ƙarfin asiri ne.

Littafin 1980 da majigin 1986

Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne kuma jigo a jam'iyyar Sawaba. Ya yi gudun hijira na shekaru da dama, wani ɓangare a Aljeriya, ya dawo bayan faɗuwar Diori Hamani a 1974, gwamnatin Seyni Kountché kuma ta ɗaure shi. A 1980 kamfanin L'Harmattan na birnin Paris ya buga littafinsa mai suna Sarraounia. Ba a fahimtar littafin sai an san wannan tarihi na mai shi. Mutum ne da ya zauna a Aljeriya, yana neman wa ƙasarsa gwarzon da ya ƙi miƙa wuya, wanda kuma ba sarki ba ne, domin Sawaba ba ta ga-maciji da yawancin sarakuna.

Saboda haka ya ɗauki layukan Joalland da abin da ya ji a bakin mutane, ya gina mace matashiya, mayaƙiya, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rena ya koya mata harbi da sanin itatuwa. Ya ba ta jarumi masoyi, ya ba ta maroƙi, ya ba ta fada da ganuwa, ya sa mata jawabai a baki game da ƴanci da zaman kowa da addininsa. Ya kuma yi wani abu da ya fi waɗannan tasiri: ya ɗaure rushewar rundunar Voulet da yaƙin Lugu, har mai karatu ya fita da ra'ayin cewa tsoron Sarauniya ne ya karya zukatan sojojin. A lissafin kwanaki, wata uku ne tsakanin Lugu da Dankori, da tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma a tsakanin nan ne rundunar ta yi ɓarnarta mafi girma. Marubucin bai yi laifi ba. Aikinsa ke nan, kuma bai ce littafin tarihi ya rubuta ba. Sai dai mai karatu ba ya riƙe wannan sharaɗi. Abin da yake riƙewa shi ne fuska da suna da magana.

Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin majigi a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, aka ɗauke shi a Burkina Faso zamanin Thomas Sankara, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Wani abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, sarauniyar Hausawan Arewa ba da Hausa take magana a majigin ba, da Julanci take yi. Duniya ta san ta da rubutun Faransanci da muryar Jula.

Daga nan sunan ya bazu. Littafin ya shiga makarantu, aka sa wa gidan rediyo da talabijin na Yamai sunan, hukumar soja da ta hau mulki a watan Yuli na 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar girma mai sunan Sarauniya Mangu. Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai, a 2009, da Elara Bertho, a 2011, sun bi diddigin wannan tafiya daga mantuwa zuwa shahara, kuma nazarinsu ya nuna cewa kafin 1980 ba a san labarin sosai ba a wajen ƙasar Arewa. Mamani bai ga ƙarshen abin ba, domin ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Abin da ya faru da kalmomi

A nahawun Hausa, sarauniya suna ne gama-gari. Tushensa ɗaya da sarauta, kuma yana karɓar harafin nasaba kamar kowane suna na mace: sarauniyar Lugu, sarauniyar Ingila, sarauniyar kyau. Bahaushe in ya ji an ce «Sarauniya ta ce», zai tambaya ta ina, ko ta yaushe. Da kalmar ta shiga Faransanci sai ta rasa wannan hali, ta zama sunan yanka na mutum ɗaya. Sakamakon haka ba ƙarami ba ne: jerin mata da suka gaji juna shekaru aru-aru ya taru ya zama mace guda, ta shekara guda. Ɗalibin da ya ji cewa har bayan mulkin mallaka akwai sarauniya a Lugu yakan yi mamaki, domin a saninsa ta mutu tun zamanin Voulet.

Rubutun kansa yana ɗauke da tarihin wannan tafiya. Babu «r» mai ruɓanya a kalmar Hausa. «Rr» da «aou» dabarun mai rubutun Faransanci ne. Gidan rediyon ya zubar da «r» ɗaya ya bar sauran. Lambar girman ta rubuta kalmar farko da ƙa'idar Hausa, ta biyu kuma, Mangou, da ta Faransanci. Mai shirya littafin karatun manya ba shi da zaɓi sai bin ƙa'idar rubutun da aka tsayar a 1999, wato Sarauniya Mangu, amma ya sani cewa da zarar ya rubuta haka ya mai da kalmar gidanta, inda take nufin muƙami.

Sannan ma'anar kalmar ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Hausar makaranta da ta rediyo, wadda ta fi karkata ga Kano, sarauniya mace ce mai mulki, mai fada da dogarai. Da wannan ma'ana mai karatu yake shiga labarin, kuma ita ce ta dace da hoton Mamani. Ma'anar Lugu, wato mai riƙe da asirin ƙasa, ba ta cikin ƙamus ɗin da yaro ya sani. Kalmar da kanta tana taimakon ƙagaggen labari a kan tarihin baka, tun kafin a buɗe shafin farko.

Matsala ta fi tsanani a kalmomi biyu. Ta farko ita ce Azna. A littafin Mamani suna ne na al'umma mai alfahari da kanta. A bakin yawancin Hausawa Musulmi kuwa, azne, ko anne a wasu kare-karen harshe na yamma, ko arne a Kano, kalma ce da ake jifan mutum da ita. A ƙasar Ƙonni abin ba labarin nesa ba ne, domin Aznan Masallata suna nan kusa da birni, suna kuma yin bikinsu na shekara inda ake duba yadda damina za ta kasance. Ajin karatun manya a wannan yanki yana iya haɗa jikan malami da jikan mai tsafi a tabarma ɗaya, kuma yadda littafi ya yi amfani da kalmar zai shafi zamansu. Ta biyu ita ce kalmar da za a fassara laƙabin Sarauniya da ita. Joalland ya yi amfani da kalmar Faransanci ta raini, Mamani ya sa wata mai ɗan daraja a ƙaramin sunan littafinsa. Hausa tana da mayya, da matsafiya, da bokanya, da ƴar bori, kuma kowace hukunci ce dabam. Mayya zargi ne da yake raba aure ya kori mutum daga gari. Bokanya sana'a ce. Mai fassarar da ya zaɓi ɗaya cikinsu ya riga ya gaya wa mai karatu yadda zai ɗauki matar, ko da bai ƙara kalma ɗaya tasa ba.

Waɗanda labarin ya rage wa daraja

Ƙagaggen labari ba ya ɗaga mutum sai ya sami wanda zai tsaya a kansa. A littafin Mamani, Sarauniya tana da abokan gaba biyu: Nasara, da kuma masu mulkin Musulunci na ɓangaren Sakkwato waɗanda suke son su musuluntar da ita da ƙarfi. Sarkin Arewa na Matankari ya fito a matsayin wanda ya karɓi baƙin don su taimake shi a kan maƙwabciyarsa. Waɗannan mutane ne na gaske, suna da zuriya, wasu suna kan gadon sarauta. Ra'ayin da ɗan kwaleji yake da shi a kansu, in an bincika, daga littafin ya samo shi.

A nan ne mai karatu na Dogarawa yake da matsayi na musamman. Ƙonni a 1899 tana ƙarƙashin inuwar Sakkwato, wato a rabon da littafin ya yi tana ɓangaren da ba a yaba ba. Amma ita ce ta fi kowa zubar da jini. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Dogondutsi ta ratsa Ƙonni da Malbaza da Galmi ta nufi Maradi, kusan sawun rundunar take bi, kuma garuruwa da yawa a bakinta suna da nasu labarin rijiyar da aka cika da gawa ko unguwar da aka ƙone. Duk da haka, in aka tambayi ɗan makaranta sunan mutum ɗaya da ya tsaya wa Voulet, na Lugu zai faɗa. Mutanen Ƙonni sun shiga tarihin ƙasa a matsayin adadi, adadin ma marubuta ba su daidaita a kansa ba. Dalilin ba ya wuce cewa Lugu ta sami marubuci. Majigin African Apocalypse na 2020, wanda Rob Lemkin ya shirya tare da Femi Nylander, ya ɗan gyara wannan da ya ba jikokin waɗanda aka kashe dama su yi magana da bakinsu, amma shi ma ya shigo da nasa ƙagaggen labarin, domin da littafin Joseph Conrad na 1899 ya auna Voulet.

Voulet kansa ya amfana da marubuta, ta wata hanya. Tun 1899 aka yi ta bayyana aikinsa da cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Littafin Jacques-Francis Rolland na 1976 da majigin talabijin na Serge Moati na shekarun 2000 sun mai da hankali ga halin mutumin da yadda ya rikiɗe. Labari ne mai jan hankali, kuma yana da amfani ga wanda ya aiko shi: in mahaukaci ne ya yi ɓarna, ba a tuhumar wanda ya tura runduna ba guzuri. Ba a kuma yawan tuna cewa ƙasar da ya ci ba a mayar wa kowa ba. Har kabarinsa na Maijirgi ya haifi tatsuniya, bayan da wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa aka tone shi a 1923 aka tarar ba kowa ciki.

Ƙetaren iyaka ma haka abin yake, sai dai can da Hausa aka yi shi tun farko. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya sa jaruminsa cikin yaƙe-yaƙen Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, da Turawan Ingila, kuma yaran da suka karanta shi a firamare sun san Nagwamatse mayaƙi kafin su san shi mai kamen bayi. Amina ta Zazzau, wadda abin da Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello suka faɗa a kanta bai cika shafi biyu ba, yanzu tana da fuska da soyayya da maƙiya a majigin Izu Ojukwu na 2021.

Abin da ya shafi masu bincike da masu tsara karatu

Ba shawara ba ce a hana mutane ƙagaggen labari. Ba don Mamani ba, da yaƙin Lugu yana nan cikin layuka huɗu na wani hafsan Faransa, kuma ƙasar da take neman matan da za ta yi alfahari da su ta sami ɗaya ta gaske. Abin da ake bukata shi ne a san wane irin rubutu aka miƙa wa sabon mai karatu. Mutumin da ya koyi karatu yana da shekara arba'in yana girmama takarda. Abin da aka buga, a wurinsa, an tabbatar da shi. Hausar baka tana da alamun da take raba tatsuniya da labari da tarihi, tun daga yadda ake buɗe su. Littafin boko ba shi da waɗannan alamu sai an sa masa. Ya kamata bangon kowane ɗan littafi ya faɗi ko ƙagagge ne, kuma malamin aji ya san wane mutum cikin labarin ne ya taɓa rayuwa, wane ne marubuci ya ƙirƙira. Mangu da Voulet da Klobb sun rayu. Jawaban da ke bakinsu na marubuci ne.

Ga masu tattara tarihin baka kuwa akwai haɗari na dabam, kuma yana ƙaruwa kowace shekara. Labarin littafi yana komawa baki. Malamin makaranta ya karanta, ya ba da labari a dandali; rediyo ta maimaita; bayan shekara ashirin mai bincike ya zo da rakoda ya ɗauki abin da ya zaci gadon kakanni ne, alhali daga Paris ya taso a 1980. Hanyar gane wannan ta harshe ce. In mai ba da labari ya ambaci Dawa a matsayin wanda ya rene ta, ko ya yi amfani da Sarauniya kamar sunan yanka ba tare da nasaba ba, ko ya kawo kalmomin siyasar zamani irin su ƴanci da mulkin mallaka cikin maganar mutanen 1899, to akwai alamar littafi a bayansa. Saboda haka takardar bayanin kowane mai ba da labari ta ƙunshi ko ya yi boko, ko ya ga majigin, da kuma wurin wanda ya ji labarin. A ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, inda ba a riga an rubuta ƙagaggen labarin da ya mamaye zukata ba, abin da tsofaffi suke faɗa game da shekarar Voulet yana nan da kalmominsa na asali da karin harshensa, kuma ya kamata a rubuta shi yadda aka faɗe shi, da «h» da «hw» na yamma a inda Kano take da «f», kafin a mai da shi daidaitacciyar Hausa don littafin aji.